Ƙugiyar Tarago da Amanar Mai Rubutu

Ƙannena maza da mata na Ƙonni da Malbaza da Illela: Jirgin ƙasa bai taɓa tsayawa a garuruwanmu ba. Simintin Malbaza a bayan tirela yake fita, albasar Galmi ma haka, kuma duk kayan da suka shigo ta iyakar Ƙonni daga Sakkwato, taya ce ke ɗauke da su har Yamai ko Tawa ko Agadas. Don haka na san wasunku za su yi mamaki in na ce abin da nake so mu zauna a kansa shi ne ƙarfen da ke haɗa tarago da tarago, da yadda ya kamata a rubuta bayaninsa da Hausa a Wikipedia, kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya sa hannu ya gyara. Da gangan na zaɓe shi. Abu ne da ba mu gada ba, ba mu saba gani ba, ga shi kuwa yana tafe, kuma a irin wannan wuri ake bambance marubuci mai amana da mai kwashe-kwashe.

A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa layin dogo daga Kano, ta Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi, tsawon kusan kilomita 284. Ranar da Allah ya nufa aka gama shi, ƴaƴan Hausawa ne za su tsaya a tasha suna haɗa taragai suna rabawa, wataƙila har da wani daga cikinku, ko ƙanensa da ya tafi Maraɗi neman na kansa. Yaron nan zai zaro waya ya nemi bayanin aikin da aka ɗora masa. In da Faransanci ko Turanci kawai ya samu, zai tsinci abin da ya iya tsinta. In kuwa ya samu da Hausa, amma Hausar da aka yi wa aikin gaggawa har kuskure ya shiga, gara a ce bai samu ba, domin harshen uwarsa ne, zai sakankance da shi.

Bari in fara gaya muku mene ne ƙarfen, don ku ga nauyin abin da za ku taɓa. A Amurka, cikin ƙarni na 19, da kawanyar ƙarfe da ƙusa ake haɗa taragai. Ma'aikaci zai shiga tsakanin taragai biyu, ɗaya na tsaye, ɗaya kan jirgi na turo shi. Zai ɗaga kawanyar da hannunsa, ya saita ta da bakin ramin taragon da ke tahowa, ya janye hannun a daidai lokacin da ƙarafan za su haɗu, sannan ya zura ƙusa. In ya makara da ƙiftawar ido, yatsu sun tafi. In ƙafarsa ta zame, taragai su matse shi. Tsakanin 1877 da 1887, kusan kashi 38 cikin 100 na haɗurran da ke samun ma'aikatan jirgin ƙasa a can, wajen wannan haɗi suke faruwa.

Wani mutum mai suna Eli Janney, ma'aikacin kantin tufafi a garin Alexandria na jihar Virginia, shi ya samu takardar mallakar ƙirƙirar wata sabuwar ƙugiya a 1873. A ƙarshen kowane tarago ana ɗaura wani kan ƙarfe mai kauri, a bakinsa da wani lanƙwasasshen muƙamuƙi da ke juyawa a kan ƙusa tsayayya. In aka buɗe muƙamuƙin aka turo taragai suka gamu, sai na nan ya shige cikin na can, su juya su sarƙe, kamar hannuwa biyu da suka lanƙwashe yatsu suka riƙe juna. Nan take wani guntun ƙarfe da ke ciki ya faɗo da nauyin kansa ya tokare su, ba sauran buɗewa. In ana son rabawa, akwai sandar ƙarfe da ta fito har gefen tarago. Ma'aikaci na tsaye a waje zai ɗaga ta, matokarin ya tashi, muƙamuƙi ya saki. Fasahar ke nan, kuma duk manufarta ita ce a fitar da ɗan Adam daga tsakanin taragai.

To amma samun dabara daban, karɓarta daban. Canja ƙugiyar dubban taragai kuɗi ne, kamfanoni suka yi ta jan ƙafa, ma'aikata na ta nakasa. Sai da mutane irin su Lorenzo Coffin, wani manomi daga jihar Iowa, suka shafe shekaru suna kai gwauro suna kai mari, kafin majalisar Amurka ta yi doka a 1893 da ta wajabta ƙugiya mai kulle kanta da birkin iska; dokar ba ta fara aiki gaba ɗaya ba sai 1900. A 1892 haɗurran haɗa taragai sun kusa 11,000. A 1902 sun sauko zuwa 2,000 da ɗoriya, alhali ma'aikatan ƙaruwa suka yi. Waɗannan alƙaluma suna cikin wani hukunci da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1996, kuma da gangan na faɗa muku inda suke, za ku ga dalili nan gaba.

Nasihata ta farko, kada ku rubuta abin da ba ku gane ba. Na san yadda ake yi yanzu: a buɗe maƙalar Turanci ko ta Faransanci, a zuba ta cikin na'urar fassara, a kwashe abin da ta amayar a liƙa, a ƙirga an yi maƙala ɗaya. Kalmomin na Hausa ne, amma in ka karanta wa tsohuwa a gida sai ta ce maka wane yare ne wannan. A maƙalar ɗan ƙwallo, irin wannan aiki kunya kawai yake jawowa. A maƙalar ƙarfen da ke jan tan dubbai, zai iya jawo abin da ya fi kunya. Ga misali. Ana ce wa ƙugiyar Janney mai kulle kanta, sai wanda bai bincika ba ya rubuta cewa da ita ba a bukatar hannun mutum sam. Ba haka abin yake ba. Ƙugiyar ce kawai ke kulle kanta. Tiyon iskar birki har yau da hannu ake haɗa shi, kuma dole wani ya tabbatar muƙamuƙi a buɗe yake, kawunan biyu kuma suna fuskantar juna daidai, musamman a kan kwana. Wato har yanzu akwai lokacin da ma'aikaci ke shiga tsakani, sai dai ƙa'ida ita ce bayan taragai sun tsaya cak. Akwai wata ƙugiyar, wadda Bajamushe Karl Scharfenberg ya ƙirƙira a farkon ƙarni na 20, ita ce ke haɗa ƙarfe da iska da lantarki a lokaci guda, kuma a jiragen fasinja na zamani aka fi ganinta. Wanda ya cakuɗa bayanin biyun ya koya wa mai karatu abin da zai sa ya saki jiki inda bai kamata ba.

Za ku ce ina za mu gane abin da ba mu taɓa gani ba? Da sauƙi fiye da yadda kuke zato. Akwai zane-zane da hotuna masu motsi da ke nuna cikin ƙugiyar, ku kashe ƴan megan da kuka saya a kansu, ku maimaita kallo har sai kun iya zana ta a ƙasa da tsinke. Sannan ku je garejin manyan motoci a Ƙonni, ko bakin masana'antar siminti a Malbaza inda tireloli ke layi, ku gaida direba ko bakanike da ladabi, ku roƙe shi ya nuna muku yadda kan mota ke ja da baya ya kama bodinsa, da yadda ake haɗa tiyon birki bayan nan. Ku saurari kalmomin da suke faɗa wa juna a bakin aiki. Bayan kun rubuta, ku koma ku karanta masa a fili. Inda ya ɗaure fuska ya ce sake faɗa, a nan jimlarku ta karye.

Abu na biyu ya fi wannan wuya, domin da zuciya ake fama. In kuka shiga binciken ƙugiyar nan za ku gamu da sunan Andrew Jackson Beard, baƙar fata, wanda aka haifa cikin bauta a jihar Alabama a 1849, ya samu ƴanci, ya zama mai ƙirƙira, ya kuma samu takardar mallakar tasa ƙugiyar a 1897. Za ku ga rubuce-rubuce da yawa, musamman a Facebook, suna cewa shi ne ya fara ƙirƙiro ƙugiya mai kulle kanta. Za ku so abin ya zama gaskiya, ni ma ina jin daɗin labarin mutumin nan har cikin raina. Balle in kuka gano cewa shi Janney soja ne a rundunar kudancin Amurka, ɓangaren da ya yi yaƙi don bauta ta ɗore. Zuciya za ta ce a ba ɗan'uwanmu kambun, a bar wancan a ƙarshen shafi. Amma 1873 ta riga 1897 da shekara 24, kuma ƙirar Janney ce kamfanonin jiragen Amurka suka ɗauka ta zama ma'auni tun kafin takardar Beard ta fito. Abin da yake daidai shi ne a rubuta cewa Beard na cikin waɗanda suka zo daga baya da nasu gyaran, a faɗi daga inda ya taso da abin da ya cim ma. Wannan kaɗai ya ishe shi daraja. Mutumin da ya fito daga ƙangin bauta ya kai ga haka ba ya bukatar ku ƙara masa gishiri, kuma ranar da mai karatu ya kama ku da ƙari a wuri ɗaya, sauran gaskiyar da kuka faɗa a kansa ma ta shiga zargi. Haka nan labarin da ke yawo cewa shi kansa ya rasa ƙafa wajen haɗa taragai: in kun samu tsayayyen littafi da ya kawo shi, ku rubuta ku ambaci littafin, in ba ku samu ba, ku bar shi, kome daɗinsa a kunne.

Wannan horo da Wikipedia ke yi, cewa kowace magana sai da madogara, kada ku ɗauke shi wani baƙon sharaɗi da Turawa suka ƙaƙaba. A ƙasarmu aka san shi tun kafin a san boko. A Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna ya rubuta Ida'un Nusukh don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowanne. Malaman hadisi kuwa ba sa karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa. Duk wanda ya zauna a zaure gaban malami ya san tambayar nan: a wane littafi ka gani? Ita ce dai tambayar da ɗan ƙaramin adadin nan da ke maƙale a ƙarshen jimla a Wikipedia yake amsawa. Shi ya sa ɗazu na gaya muku inda alƙaluman haɗurran suke. In kun rubuta 11,000 ba ku ce daga ina ba, gobe wani ya mai da shi 110,000, ba wanda zai iya cewa wa ke da gaskiya. In kun liƙa masa madogara, ko bayan ranku wani zai bi sawu ya mayar da shi daidai.

Ku kuma san abin da ake kira madogara. Littafin da aka buga, jaridar da ke da edita mai amsa laifi, rahoton hukuma, binciken jami'a, waɗannan su ne. Saƙon da aka turo a WhatsApp ba ya ciki, haka maganar da aka ji a tasha, haka wata maƙalar ta Wikipedia kanta. Har abin da kuka gani da idonku, in ba a taɓa wallafa shi ba, wurinsa daban. Bakaniken da na ce ku je wurinsa zai buɗe muku fahimta ne, ya gyara muku harshe, amma ba shi za ku kafa hujja da shi ba. Kuma kada ku kwafe jimlolin mai littafi ku jera kamar naku. Ku karanta, ku rufe, ku faɗa da bakinku, sannan ku ce daga wurinsa kuka samo. Hoto ma haka: wanda kuka ɗauka da wayarku kuna da ikon sa shi, wanda kuka tsinta a shafin wani haƙƙinsa ne.

Inda nake ganin za ku fi kowa amfani shi ne wajen kawo maƙalar gida. Wanda ya rubuta ta Turanci yana zaune a Landan ko Chicago, damuwarsa daban. Mai karatunku yana son ya san me abin yake nufi ga Nijar da Najeriya. Ku gaya masa cewa ƙugiyoyin duniya ba iri ɗaya ba ne: Amurka da Sin da Afirka ta Kudu suna amfani da zuriyar ta Janney, Rasha da ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet suna da tasu mai suna SA3, kuma biyun ba sa kama juna kai tsaye. Japan ta yi shekaru tana shiri, sannan a watan Yulin 1925 ta canja ƙugiyoyin taragan kaya na babban tsibirinta a yini guda. Turai kuwa, duk da ci gabanta, yawancin taragan kayanta har yanzu da hannu ake ɗaura su, mutum ya sunkuya ya shiga tsakani ya murɗa, sai a shekarun nan take ƙoƙarin sauyawa. Darasin da ke ciki ya shafe mu kai tsaye, domin mu ma muna zaune tsakanin tsare-tsare da ba su jitu ba. Tsohon layin Najeriya, wanda ya iso Kano a 1911 ya kai Ƙauran Namoda a 1929, faɗinsa milimita 1,067 ne. Layin Kwatano zuwa Parakou a Benin, da wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, mita ɗaya ne cif. Sabbin layukan Najeriya, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da wanda ke nufo Maraɗi, milimita 1,435 ne. Faɗi uku ke nan a kewayenmu. Taragon da ya taso daga Kano a sabon layi ba zai iya hawa na Doso ba, ko da wata rana layukan sun gamu. Talaka ya cancanci ya san wannan da harshensa, domin da sunansa ake ciwo bashin waɗannan ayyuka.

A nan ma sai an kama alƙalami da kyau. Layin dogo abu ne da ƴan siyasa ke son ambata. Alkawari a rubuta shi alkawari, da sunan wanda ya yi da shekarar da ya yi. Aikin da aka fara a ce an fara. Wanda aka gama shimfiɗawa amma bai zama hanyar jigilar yau da kullum ba, kamar na Yamai zuwa Doso, a faɗi hakan a sarari, ba yabo ba zagi. Ra'ayinku kan gwamnati ku kai shi inda ake muhawara; kundin ilimi na mai goyon baya ne da mai adawa baki ɗaya.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ku kaɗai za ku lura da su. Baƙo ba ya sanin cewa Illela biyu ce: ta jihar Sakkwato da ke fuskantar Ƙonni a bakin iyaka, da tamu ta Adar, mazaunin Sarkin Adar. Ba ya sanin cewa Malbaza ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, kafin nan a ƙarƙashin Ƙonni take. In kun ga an gauraya su, ku gyara, ku kawo hujja. Aikin Farfesa Djibo Hamani kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa yana nan, irinsa ake nema. Gyaran jimla ɗaya irin wannan ya fi mini maƙala goma da aka zubo daga na'ura, ko da a gasar rubutu adadi ake ƙirgawa.

Wata rana za ku yi aiki tuƙuru, ku wayi gari wani da ba ku sani ba ya goge shi. Abin da ciwo. Kada ku mayar ya sake gogewa ku sake mayarwa, wannan faɗan ba ya haifar da kome. Kowace maƙala tana da shafin tattaunawa. Ku je can, ku yi sallama, ku tambayi dalili, ku ajiye madogararku. In shi ke da gaskiya ku gode masa, in ku ke da ita hujja za ta tsaya muku. Ku tuna duk abin da kuka rubuta yana nan ajiye a tarihin shafin, da kwanan wata, zagi ko alheri. Ku ma in za ku gyara na wani, ku bar ɗan bayani kan abin da kuka canja da dalili, domin mai yiwuwa yaro ne da ya fara jiya, kalma ɗaya mai zafi ta kore shi har abada.

Ƙannena mata, kada wani ya ce muku maganar ƙarfe da inji ta maza ce. Nana Asma'u ta yi rubutu da Hausa da Fulatanci da Larabci don ilimi ya isa ga matan karkara, ba ta jira wani ya ba ta fili ba. Ɗalibar lise da ta iya lissafi da kimiyya, ta kuma iya Hausar gidansu, ta fi cancanta da wannan aiki fiye da mai digirin da Hausarsa ta tsere masa.

Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Ku buɗe asusu, ku nemi maƙalar ƙugiyar tarago a Wikipedia ta Hausa. In akwai ku karanta ta da idon mai gyara, in babu ku fara ta. Kada ku ɗauko da faɗi: sakin layi uku sun isa, ɗaya kan yadda take aiki, ɗaya kan tarihinta, ɗaya kan abin da ya rage sai an yi da hannu, kowanne da madogararsa. Ku karanta wa mai aikin ƙarfe kafin ku wallafa. In kun gama, ku wuce zuwa birkin iska, da yadda ake ƙona dutse ya zama siminti a Malbaza, da yadda ake adana albasar Galmi. Wanda ya riga ya iya, ya zaunar da ƙanensa ko ƙanwarsa ya nuna musu. Allah ya yi muku jagora, ya sa albarka a hannuwanku.